Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sakatare Janar Na Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na rubuto maka ne ina ɗaya daga cikin waɗanda har yanzu ba su cire rai da Majalisar Ɗinkin Duniya ba, ko da yake kullum sai mun sha tambayar me muke gani a cikinta. Kai da ka yi shekara goma kana shugabantar hukumar kula da 'yan gudun hijira, daga 2005 zuwa 2015, ka fi ni sanin inda mutane suke ƙarewa idan manyan ƙasashe suka kasa daidaitawa: cikin tantuna, a bakin iyaka, da 'ya'yansu a hannu. Saboda haka ba zan ɓata maka lokaci da kwana-kwana ba.

Akwai wani abu da na kalla wanda ya ƙi barin zuciyata. A watan Disamba na 2023 ka yi amfani da sashe na 99 na kundin Majalisar, wanda ya ba ka ikon jawo hankalin Kwamitin Sulhu kan duk abin da ke barazana ga zaman lafiyar duniya, ka ce a dubi halin da Gaza take ciki. Aka zauna ranar 8 ga watan a gaban teburin nan mai kama da kofaton doki. Aka ce masu goyon bayan tsagaita wuta su ɗaga hannu, hannu 13 suka tashi. Birtaniya ta ƙaurace. Sai aka ce masu adawa, hannu ɗaya ya tashi, na wakilin Amurka, shi ke nan magana ta mutu. Ba a cika shekara ba sai ga irinsa a kan Sudan: a Nuwamba 2024 Birtaniya da Saliyo suka kawo ƙuduri na kare fararen hula, ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. Kafin waɗannan, a Fabrairu 2022, Rasha ce ke shugabantar Kwamitin a watan da ta kutsa Yukren, kuma ita ce ta kashe ƙudurin da aka kawo a kanta. Wanda ake ƙara shi ne alƙali, shi ne kuma mai rufe kotu.

Na san amsar da ake bayarwa. Ana cewa da ba a ba manyan nan biyar, wato Amurka, Birtaniya, Faransa, Tarayyar Sobiyet (Rasha a yau) da China, wannan iko na kashe ƙuduri da ƙuri'a ɗaya ba a 1945, da ba su shiga ba, da kuma Majalisar ta bi sahun ƙungiyar ƙasashen duniya da ta gabace ta, wato League of Nations, wadda Amurka ba ta taɓa shiga ba, ta kuma kasa hana yaƙin duniya na biyu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ban musa ba. Amma duniyar da aka yi wa wannan ɗinki ta daɗe da wucewa. Ƙasashe 51 ne suka kafa Majalisar, yau 193 ne. Daga Afirka huɗu kacal ne a wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauran suna hannun 'yan mulkin mallaka, biyu daga cikin masu mulkin kuwa su ne suka samu kujerun dindindin. Yau nahiyar tana da ƙasashe 54 a zauren, rikice-rikicenta ne suka fi cin lokacin Kwamitin, amma ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya. Haka Latin Amurka. Haka Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan jama'a. Tun 2005 Afirka ta faɗi abin da take nema a taron da Tarayyar Afirka ta yi a Ezulwini da ke ƙasar Eswatini: kujeru biyu na dindindin da cikakken iko, da biyar na karɓa-karɓa. Tun 2009 ake tattaunawa a Babban Zaure, inda dukkan ƙasashen Majalisar suke zama, shekara ta zo ta wuce, kowa ya karanta jawabinsa ya koma masaukinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, shi ne an sa mutane sun yarda cewa babu abin da zai motsa sai manyan biyar sun ga dama. Tarihin Majalisar da kansa ya ƙaryata wannan. A 1963 Babban Zaure ya kaɗa ƙuri'ar faɗaɗa Kwamitin Sulhu daga mambobi 11 zuwa 15. Faransa da Tarayyar Sobiyet sun ƙi, Amurka da Birtaniya sun ƙaurace. Amma sababbin ƙasashen Afirka da Asiya suka haɗa kai suka tsaya a kan bakansu, kuma kafin 1965 ta fita dukkan manyan sun rattaba hannu. Sun ga ba za su iya tsayawa su kaɗai a gaban sauran duniya ba. Wannan shi ne karo na ƙarshe da aka taɓa fasalin Kwamitin.

Ƙofar tana nan har yau. Sashe na 109 ya ce za a iya kiran babban taron sake duba kundin idan kashi biyu bisa uku na Babban Zaure da kowaɗanne mambobi tara na Kwamitin Sulhu suka amince. Kiran taron ba ya buƙatar izinin mai kujerar na-ƙi. Gaskiya ne duk gyaran da aka cimma sai manyan biyar sun amince kafin ya fara aiki, amma a bar su su fito su ƙi a bainar jama'a, sashe bayan sashe, kowa yana gani. A 1955 an sa batun wannan taro a ajanda kamar yadda kundin ya tanada, aka ce za a yi shi a lokacin da ya dace. Har yau lokacin bai dace ba. Ina roƙonka ka fito fili ka ce ya dace.

Akwai ma abin da ba ya buƙatar gyaran ko harafi ɗaya. Sakin layi na uku na sashe na 27 ya ce ƙasar da take cikin rikici ta ƙaurace wa ƙuri'a idan ana batun sasanta rikicin ta hanyar lumana. Yana nan a rubuce, an dai yi kamar ba a gani ba. Kuma mun ga abin da ƙaramar ƙasa za ta iya yi: Liechtenstein da ke Turai, wadda mutanenta ba su kai 50,000 ba, ita ta jagoranci ƙudurin Afrilu 2022 da ya ce duk lokacin da aka hau kujerar na-ƙi, Babban Zaure zai zauna cikin kwana goma na aiki, a nemi wanda ya hau ya yi bayani. Bai hana hawan ba, amma ya sa ana jin kunya, kuma kunya ma makami ce a diflomasiyya.

Ba na so a ɗauka cewa ƙara kujeru kawai zai wanke komai. A Ruwanda babu wanda ya hau kujerar na-ƙi. Ranar 11 ga Afrilu 1994 sojojin Beljiyam masu sanye da shuɗiyar hular Majalisar suka janye daga wata makarantar koyon sana'a a Kigali, inda mutane kusan 2,000 suka fake don sun ga tutar Majalisar a wurin. Mafi yawansu ba su kwana da rai ba. Bayan kwana goma Kwamitin ya rage dakarun zuwa 270, ana tsakiyar yanka mutane. Kusan mutum 800,000 suka tafi cikin kwana ɗari. Rashin niyya ne ya kashe su, da rashin wanda zai biya kuɗi ya tura sojoji. Shi ya sa ƙuduri mai lamba 2719 na Disamba 2023, wanda ya buɗe hanyar Majalisar ta ɗauki har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin ayyukan wanzar da zaman lafiya da Tarayyar Afirka ke jagoranta, bai kamata ya tsaya a takarda ba.

Batun kuɗi kuwa ya kai mu ga cibiyoyin da aka kafa a taron Bretton Woods da aka yi a Amurka a 1944. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya manyan shawarwari sai da kashi 85 cikin ɗari na ƙuri'u, Amurka kuma tana riƙe da sama da kashi 16, wato ita kaɗai za ta iya tsayar da su. Har yau Ba'amurke ne ke shugabantar Bankin Duniya, ɗan Turai kuma Asusun, bisa wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba. Lokacin annobar korona, a Agusta 2021, Asusun ya raba kuɗin ajiya na dala biliyan 650 gwargwadon hannun jarin kowace ƙasa. Afirka gaba ɗayanta ta samu kusan biliyan 33. Waɗanda suka fi ƙarfi su suka kwashi kaso mafi tsoka, waɗanda bashi ya shaƙe musu wuya suka tashi da ɗan abin da ya rage. A Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ma sashen ɗaukaka ƙara ya daina aiki tun Disamba 2019 saboda an hana naɗa alƙalai, mai ƙarfi sai ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta, shari'a ta tsaya.

Duk da haka, idan na ji masu cewa a rushe komai a huta, hankalina yana tashi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya aka kawar da cutar agana daga doron ƙasa, aka tabbatar da hakan a 1980, a lokacin da Amurka da Sobiyet ba sa ga maciji da juna. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ramin da ya ɓule a rufin iskar ozone, wanda ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, ya fara rufewa. Kai da kanka, tare da Turkiyya, ka samo yarjejeniyar fitar da hatsin Yukren ta tekun Bahar Aswad a Yuli 2022, ana tsakiyar yaƙi. Ranar da aka rasa wannan zaure, manyan ƙasashe za su ci gaba da harkarsu da makamansu da kuɗinsu. Ƙananan ne za su rasa wurin kai kuka.

A Satumba 2024 shugabannin duniya suka amince da yarjejeniyar makomar duniya da ka yi ta fafutuka a kanta, suka yarda a rubuce cewa an yi wa Afirka rashin adalci na tarihi kuma gyara shi ne kan gaba. Wa'adinka na biyu zai ƙare a ƙarshen 2026, ba ka neman ƙuri'ar kowa kuma. Don haka ina roƙonka ka ambaci sashe na 109 da bakinka a gaban Babban Zaure. Duk lokacin da ƙasar da ke cikin rikici ta kaɗa ƙuri'a a kan rikicinta, ka tuna mata sashe na 27 a fili. Ka riƙa kiran sunan ƙasashen da ke riƙe kuɗin da ya wajaba su biya har ma'aikata da ayyukan agaji su shiga ƙunci. Ka kuma goyi bayan a zaɓi wanda zai gaje ka a idon jama'a, Babban Zaure yana da ta cewa ta gaske, domin cikin mutum tara da suka riƙe wannan kujera babu mace ko ɗaya.

Allah ya yi maka jagora a abin da ya rage na aikinka.

Naka,
Mai bibiyar al'amuran Majalisar da kyakkyawan fata