Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da zarton batir

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Yallaɓai, ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau huɗu ina kiran lambar da ke jikin rasit ɗinku, sau biyu ina tura saƙo ta WhatsApp haɗe da hotuna, amsa ɗaya tak na samu kan ƙorafina, wai kayan da aka saya ba a mayarwa. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani. Ban kama sunan kamfaninku ba, don gyara nake nema, amma kun san kanku.

Ni ɗan fansho ne a Zariya. A gidana akwai mangwaro uku da gwaba ɗaya, sai darbejiya biyu a ƙofar gida waɗanda suka girmi autata. Kowace shekara idan mangwaro ya ƙare nakan rage masa rassa, darbejiya kuwa dole a sassabe ta kafin iskar farkon damina, don ita ce ke karya reshe ta jefa a kan kwano. Da adda nake yi shekara da shekaru, har kafaɗa ta ce ta gaji. Ana nan sai na ga tallarku a Facebook, da Hausa tsantsa: wani saurayi riƙe da ɗan zarto mai sarƙa a hannu ɗaya, yana ratsa itace kamar mai yanka kabewa. Aka ce batirinsa volt 48 ne, yana wuni yana aiki, ga garantin wata shida. Na san cinikin biri a sama ne, amma na tura naira 68,000. Kaya suka iso ta tasha cikin kwana uku. A nan kam ba ku yi nawa ba.

Zan faɗi gaskiyar zarton kafin in faɗi laifinsa. A mintuna goma na farko na yi ta sa muku albarka. Reshen gwaba mai kaurin hannun yaro, kafin ka ce kwabo ya faɗi, yankan kuma sumul, ba irin na adda ba da ke tsaga itace ta bar wa ruɓa da gara ƙofa. Na fara yanka daga ƙasan reshe kaɗan sannan na ƙarasa ta sama don kada ɓawo ya yage, ya bi hannuna yadda nake so. Daga nan sai ƙararsa ta fara ja da baya. Kafin minti ashirin ya tsaya cak.

Na ɗauka cajin kanti ne bai cika ba. Na ɗauko caja, sai na ga bakinta mai ƙafa biyu zagayayyu ne, alhali soket ɗin gidajenmu na ƙafa uku ne masu faɗi. Na sayo adafta. Na jira wuta, wanda shi ma aiki ne a garin nan, ya cika, na sake gwadawa. Minti sha takwas. Na gwada sau uku a ranaku daban, da safe kafin rana ta yi zafi, bai taɓa kaiwa minti ashirin ba.

Sai na kai batirin wajen wani yaro mai haɗa sola a Sabon Gari, ya kwance shi a gabana. Ƙwayoyin batir biyar ne a ciki, irin zagayayyun nan da ake kira 18650, an jera su layi ɗaya. Yallaɓai, ni na koyar da lissafi, bari in yi maka shi. Kowace ƙwaya idan ta cika maƙil volt 4.2 take bayarwa. Biyar sau 4.2 ya zama 21. Ya sa mita, 21 ɗin ta nuna, har da ɗan ragi. To daga ina 48 ta fito? A jikin kwalin kuma an rubuta 15000mAh, wato yawan cajin da batirin ke riƙewa, alhali ƙwaya irin wannan, ko ta manyan kamfanonin duniya ce, da ƙyar take haura 3500, kuma jera su layi ɗaya volt yake ƙarawa, ba ya ƙara yawan cajin da suke riƙewa. Ƙila za ku ce haka aka aiko muku da shi daga waje. Na yarda ba ku kuka buga lambar ba. Amma da bakinku aka faɗe ta a talla, kuma a asusunku kuɗina ya sauka.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar sarƙa. Takardar da ke cikin kwalin da rubutun Sin take, sai wani Turanci da ko Bature zai sha wuya kafin ya gane. Babu inda aka nuna cewa wannan zarton ba shi da tankin mai, cewa da hannu ake ɗiga wa sarƙar mai lokaci zuwa lokaci. Babu inda aka ce sabuwar sarƙa tana saki bayan yankan farko, sai an kashe, an cire batir, an ɗaure ta. Mai gyaran injin yankan katako ne ya gaya mini wannan daga baya, yana mamakin yadda aka sayar mini ba a faɗa ba. A rana ta huɗu, ina datsa rassan mangwaron da na tara a tsakar gida don su zama itacen girki, sarƙar ta fice daga kan ƙarfenta ta daki bayan hannuna na hagu. Allah ya taƙaita ina sanye da safar hannu ta fata, wadda ni na saya wa kaina. Ɗinki uku aka yi mini. Jikana ɗan shekara shida yana tsaye ba nisa, yana kwasar ƙirare. Tun ranar idan na tuna inda yake tsaye sai gabana ya faɗi.

Kun iya ɗaukar mai Hausa ya yi muku talla ta minti biyu. Me ya hana ku sa shi ya ƙara minti biyu ya ce a sa mai, a ɗaure sarƙa, a kori yara, kada a yanka da ƙarshen hancin zarton don yana harbowa baya, kada a kusanci wayar lantarki da shi? Masu sayen wannan abu a ƙasar nan yawancinsu ba su taɓa riƙe zarton inji ba. Dattawa ne irina, da matan da ke da 'yan itatuwa a gida, da masu ƙananan lambuna.

Sarƙar ta lanƙwashe, haƙoranta biyu sun karye. Na zaga Sabon Gari da Tudun Wada, na sa aka duba mini a Kano. Abin da aka samo duk na manyan injinan fetur ne, tazarar haƙoransu ba ɗaya ba ce da ta wannan ɗan inci shida. Na tambayi yaronku ko kuna da ita, ya ce sai dai in sayi wani sabon zarton. Sarƙa kuwa abar cinyewa ce kamar tayar mota, duk mai sayar da zarto ya san za a dawo nemanta.

Ga abin da nake nema. Ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina, ko ku ba ni batir mai lambar gaskiya da sarƙa biyu. Kuɗin ɗinki na yafe. Ku cire maganar volt 48 da wuni guda daga tallarku, ku kuma sa takardar gargaɗi da Hausa a kowane kwali. Maganar ba a mayarwa kuma, ku tambayi lauyanku: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai sauraron ƙorafin masu saye, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku da karɓarsu, ni kuwa ko wata biyu ban cika ba. Na ba ku mako biyu daga yau. Idan shiru ta ci gaba, zan kai wa hukumar rasit da hoton tallarku da batirin a kwance yadda yake.

Zarton yana nan cikin kwalinsa a saman kabad, inda yara ba za su kai ba. Darbejiyar kuwa jiya na biya wani mai gatari ya sassabe ta, don hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Wassalam.

Naku,
Wani magidanci daga Zariya