Likitan tantanin ido daban, mai cire yana daban

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani likita da galibi ba a nemansa sai ido ya kusa tafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina miƙa kayan aiki a ɗakin tiyatar ido.

Jama'a sun ɗauka duk rashin gani yanar ido ce, a cire ta a huta. Yana a gaban ido take, kuma tana iya jira. Tantanin da ke shimfiɗe can bayan ido kuwa, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, in ya yage ya ɓalle, kwanaki ake lissafawa. Mutum zai ga walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗigo suna yawo, sannan duhu ya fara rufowa kamar an ja labule. Ba ya ciwo, shi ya sa ake sakaci.

Mai gyara wannan sai ya gama karatun likita, ya ƙware a ido, sannan ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a kan tantani kaɗai. In ka gan shi yana aiki sai ka tausaya masa. Idonsa na kan madubin da ke ƙara girman abu, hannayensa biyu riƙe da kayan aiki da aka zura ta 'yan ƙananan ƙofofi a farin ido, ƙafa ɗaya na taka injin zuƙe ruwan ido, ɗaya na juya madubin. Da yawansu cire takalmi suke don su ji fedar sosai. Bayan aiki, akan cika idon da iskar gas, wani majinyacin ya yi kwanaki fuska a kife, kuma ba shi ba hawa jirgin sama sai iskar ta baje.

Kafin likitan ido Jules Gonin na birnin Lausanne a ƙasar Switzerland ya nuna a shekarun 1920 cewa toshe yagewar ce magani, wanda tantaninsa ya ɓalle sai dai haƙuri. Tiyatar zuƙe ruwan ido kuma likitan ido Robert Machemer ya fara ta a Amurka a 1970.

Na san abin da ke korar matasan likitoci. Mai yana gobe za a buɗe masa ido ya yi ta sa albarka, na tantani kuwa a kwashe sa'o'i ana fama, wani lokaci rabin gani ne zai dawo. To amma masu ciwon suga ƙaruwa suke yi, ga masu sikila, musamman masu nau'in SC, ga jarirai bakwaini, duk wannan likitan suke buƙata don lalurarsu kan taɓa tantanin ido. Ina roƙon matasa su shigo fannin. Mai ciwon suga kuma, ko yana gani garau, ya je sau ɗaya a shekara a ɗiga masa magani ƙwayar ido ta buɗe, a leƙa bayan idon.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya