Gaisuwa daga Arkansas

Salamu alaikum mutumina, ya gida ya aiki, ya jikin Hajiya? Ka yi haƙuri da shirun nan wallahi karatu ne ya sha min kai, kai ma dai tunda ka yi amarya ko flashin babu, Allah ya shirye ka.

Wani abu ne ya tsaya min a rai na ce sai na faɗa maka. Ka san inda nake ba nisa da Bentonville, inda hedikwatar Walmart take, wato babban kamfanin kantunan sayar da kaya na Amurka, kuma nan kusa a Rogers Sam Walton, wanda ya kafa kamfanin, ya buɗe kantin farko a 1962. Duk sati a kantinsu nake cefane saboda arha, ɗalibi ai ba shi da zaɓi. To shekaranjiya ina fitowa da shinkafa da mai a keken turawa, wata tsohuwa da ke duba rasit a bakin ƙofa ta yi min murmushi, hannunta duk jijiyoyi, ta kai sa'ar kakata, tun lokacin nake tambayar kaina wai wa ke biyan kuɗin arhar nan da nake jin daɗi?

Ba zan zalunce su ba, mutum wajen miliyan 1.6 suke ba aiki a Amurka kaɗai, da yawa ba digiri ba komai, kuma a 2023 sun kai mafi ƙarancin albashinsu dala 14 a awa alhali na gwamnatin tarayya yana nan dala 7.25 tun 2009. Talaka kuma yana samun sauƙin kaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa rahoton da ofishin binciken gwamnati GAO ya fitar a 2020 ya nuna suna sahun gaba cikin kamfanonin da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci da na asibiti a jihohin da aka duba. Kenan mutum yana aiki amma sai kuɗin haraji ya cika masa tukunya, ribar kuma ta wuce sama. Ƙungiyar ƙwadago kuwa ba sa son jin zancenta, a Jonquière ta Kanada ma'aikata sun kafa, 2005 aka rufe kantin ɗungurungum. Wannan ya fi komai ci min rai, don wanda ba shi da bakin magana ko an ƙara masa albashi alfarma ce, gobe ana iya janyewa.

Af, wai da gaske ne ɗan autanku ya bar makaranta ya koma sayar da waya? Ka ja masa kunne don Allah. Kuma hoton bikin da ka ce za ka turo har yau shiru, ko hular ce ta sake ba ka kunya?

Sanyi ya fara a nan, Asabar ma sai na koma kantin neman rigar sanyi. Ka gaida amarya da su Malam, ka rubuto.