Zaɓen Hukumar Makarantun Chicago Ya Cancanci Kulawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Hankalin duniya ya tafi kan zaɓen shugaban Amurka na Nuwamba 2024, amma a ranar an yi wani zaɓe a birnin Chicago wanda ya fi shafar talakan birnin kai tsaye, domin a karon farko mazauna garin suka zaɓi wakilai 10 a hukumar da ke tafiyar da makarantun gwamnati.

Shekara da shekaru magajin gari ne ke naɗa 'yan hukumar. A ƙarƙashin wannan tsari aka rufe makarantu kusan 50 a 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, akasarinsu a unguwannin baƙar fata na kudu da yammacin birnin. Iyaye sun cika zaurukan sauraron ra'ayi suna roƙo, amma hukumar da ba su zaɓa ba ta yi kunnen uwar shegu da su, aka tura yara makarantu masu nisa, wasunsu suna ratsa titunan da 'yan daba ke iko da su.

Saboda haka ina goyon bayan wannan zaɓe. Abin da ke damuna shi ne kuɗi: ƙungiyar malamai a gefe guda, da masu son 'yan kasuwa da ƙungiyoyi su riƙa gudanar da makarantu da kuɗin gwamnati a ɗaya gefen, sun zuba miliyoyin daloli a yaƙin neman zaɓen, kuma uwar da ke aikin shara da dare ba ta da irin wannan ƙarfi. Ina roƙon jaridarku ta riƙa kawo mana labarin wannan hukuma.

Naku,
Wani malamin makaranta, Zariya