Uwar yaron da likita ya ce ba warkewa, wa ke duba ta?

Malam Edita, assalamu alaikum, dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in sauke abin da ya tsaya min a rai tun bayan sallar layya. Wata uku da ɗoriya na yi ina taya ƙanwata jinyar ɗanta ɗan shekara 6, ciwon daji ne ya kama shi a ciki, daga Dukku suka taho nan Gombe, an yi allurai an yi ƙarin jini har aka kai inda likita ya ce ciwon ya wuce magani, sai dai a rage masa raɗaɗi a lallaɓa shi har lokacin da Allah Ya nufa. Allah Ya karɓi abinsa, mun gode maSa. Amma yau a kan iyayen nake so in yi magana, don su ma wallahi marasa lafiya ne, sai dai ba wanda ya ba su gado.

Abin da ya fi cin ƙanwata shi ne kukan yaron da dare. Ina tuna wani dare wajen ƙarfe biyu yana murɗawa yana cewa Mama cikina, ita kuma ta goya shi tana zagaye baranda ba takalmi, zani duk ya kwance, ba ta ma san ina binta a baya ba. Da aka fara ba shi mofin na ruwa, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, a kan lokaci, duk bayan awa huɗu ba sai ya fara ihu ba, ranar ne ta yi baccin kirki na farko cikin makonni, a kan tabarma, hannunta riƙe da ƙafarsa. Amma kun san sai da muka sha fama da dangi, wai ai wannan maganin ƙwaya ne, wai shi ake ba wanda ake so ya tafi da wuri. Jama'a ba haka bane, in likita ya auna shi daidai da nauyin yaro raɗaɗi yake kashewa, sai dai a kula da taurin bayan gida da yake kawowa. A Yuganda tun 1993 suka fara kai irin wannan mofin na ruwa har gidajen marasa lafiya, a 2004 ma suka ba nas nas da aka horar damar rubuta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2014 ta zartar cewa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ta zama cikin tsarin lafiyar kowace ƙasa. To mu me ya hana mu?

Sai masu zuwa dubiya, Allah Ya saka musu da alheri, na san da kyakkyawar niyya suke zuwa amma wasu harshensu ya fi ciwon zafi. Wannan ta ce ai da kun kawo shi da wuri, waccan ta ce sammu ne akwai wani mai magani a ƙauye kaza, kowa da ƙullin garinsa, ita kuma uwa in ta ƙi karɓa a ce ta yanke ƙauna, in ta karɓa a sayar da akuya a biya. In hawaye ya zubo mata a ce haba ke ba musulma bace, yi haƙuri mana. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke barin duniya. Ku bar uwa ta yi kukanta dan Allah. Wata maƙociyata ba ta taɓa yi mana wa'azi ba, zuwa kawai take da kunun gyaɗa a fulas, ta kwashe kayan wanki, ta ce je ki kwanta ni zan riƙe shi. Har gobe ita ƙanwata ke ambata.

Uban kuwa an manta da shi kwata kwata. Shi ne na takardar magani, shi ne na neman bashi, da yamma ka gan shi ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a bakin asibiti ya haɗa kai da gwiwa, ana masa sannu yana cewa alhamdulillahi, wai namiji baya kuka. Sati biyu aka ɓoye wa matarsa gaskiyar ciwon don kar hankalinta ya tashi, shi kaɗai ya riƙe, ita kuma tana ganin fuskokinmu ta gane, kowa na jin tsoron kowa. Sai da wata nas, Allah Ya yi mata albarka, ta zaunar da su biyun a ɗaki ta ja ƙofa, ta yi musu bayani da Hausa dalla dalla, abin da zai iya faruwa da abin da za su yi in numfashinsa ya canza, ta ce musu ba sakacinku bane. Ƙanwata ta ce min wannan kalmar ce ta sauke mata dutse daga ƙirji.

Roƙona ga masu riƙe da harkar lafiya a Gombe da Bauchi, a samar da sashe na musamman na kulawar sauƙaƙa raɗaɗi kamar yadda asibitin koyarwa na Ibadan ke da shi, a horar da nas da za su riƙa bin yara gida, don yawancin iyaye gida suke so su koma a ƙarshe. Mu da muka koma Dukku ba mu da ko lambar wanda za mu kira in maganin ya ƙare, kuma ya ƙare, ranar wata Juma'a.

Wassalam.
Daga wata mai karatunku, Tudun Wada, Gombe.