Wa ya auna ƙurar Reggane?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ƙurar hunturun bana ce ta tuna min da abin da Faransa ta yi ranar 13 ga Fabrairu 1960, lokacin da ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, kudancin Aljeriya. An ɗora shi a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon kusan mita 100, ƙarfinsa ya kai wajen ninki huɗu na wanda Amurka ta jefa Hiroshima.

Injiniyoyinsu sun auna komai: zafi, girgizar ƙasa, inda iska ta nufa. Har motocin yaƙi da dabbobi a keji suka jera a tazara daban-daban domin su ga ɓarnar. Amma taswirar yadda gubar bam ɗin ta bazu, ɓoye ta suka yi fiye da shekara 50. Da ta fito, sai ga Chadi da Mali a cikinta.

A 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda irin waɗannan gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya. Ina roƙon jami'o'inmu su ɗebo ƙurar Sakkwato da ta Damagaram su auna mana da kansu.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Katsina