Wa zai biya wa ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya hana gidanmu barci. Ƙanena direba ne a wata ma'aikata ta jiha, an aike shi da motar ofis taya ta fashe, ƙafarsa ta dama ta karye har sai da aka sa masa ƙarfe. Wallahi kuɗin aikin nan mu muka haɗa, matarsa ta sai da 'yan kunnenta, ni na ci bashi, ofis kuma suka zo dubiya da lemo da ɗan abin da abokan aiki suka tara, shi ke nan fa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne akwai doka. Tun 2010 aka sa hannu kan dokar biyan diyya ga ma'aikata, hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ce ke kula da ita, kuma mai ɗaukar aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire ko sisi daga aljihun ma'aikaci. Ma'aikatan gwamnati ma suna ciki. To in ma'aikata ba ta yi rajista ba, ba ta zuba ba, ina talaka zai nufa? Shi ƙanen nawa bai taɓa jin sunan dokar ba sai yana kwance.

Ina roƙon gwamnoni su zuba wannan kuɗi, 'yan ƙwadago kuma su shiga ofis-ofis su sanar da direbobi da masu shara da masinjoji haƙƙinsu.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano